Tandun Madarunfa a Ledar Kano

Tun da na dawo daga Kano ban sha furata cikin kwanciyar hankali ba. Duk wanda ya gan ni, ko a ƙofar masallaci ko a bakin tabki, sai ya riƙe min hannun riga yana tambaya, wai da gaske ne matan Kano sun yi layi suna sayen tandu? Wani kuma cewa yake ya ji an ɗauke ni hoto da Baturiya. Na gaji da maimaitawa, kuma na lura duk wanda na ba labarin sai ya ƙara masa gishiri kafin ya kai gida. Saboda haka bari in faɗe shi sau ɗaya daga farko, wanda ya ƙara wani abu a kai shi da Allah.

Ga wanda bai san ni ba, ni ne Idi Mai Tandu, kuma in ban yi kuskure ba ni kaɗai na rage ina wannan sana'a daga Madarunfa har Sarkin Yamma. Tandu ɗan mazubi ne na fata. Ana jiƙa ɗanyar fata a kankare ta har ta yi laushi, a lulluɓa ta a kan curin yumɓu, a shanya. In ta bushe sai a farfasa yumɓun a zazzage, a yi mata murfi da zane. A zamanin mahaifina babu amaryar da za a kai ɗaki ba tandun kwalli da na man shafawa. Tandu ɗaya sai mace ta tsufa da shi, ta bar wa ɗiyarta.

Sai roba ta zo. Yanzu mace ta gwammace ta sayi man da bai fi lakuce uku ba, in dai yana cikin roba, robar a cikin kwali, kwalin a cikin leda. In ya ƙare a wurga bayan darni, akuya ta ci ledar cikinta ya kumbura, a ce mayu ne. Ko da aka karya darajar sefa, man kanti ya yi tsada, na ɗauka za su dawo wurina. Ashe man kaɗanya suka koma saye suna ɗurawa a tsofaffin robobin, don kada maƙwabciya ta gane.

Mijin ƙanwata Dije, Sale, yana da teburin kayan roba a kasuwar Ɗan Issa. Ya daɗe yana min tayin in zo in zauna masa. Da kasuwa ta yi min tsit na wata da watanni, sai na yi masa alkawari a gaban mutane cewa in ruwan farko ya sauka ban sami mai saye ba, zan rataye wuƙa da basilla in je in tsare masa bokitai. Na faɗa ne da baki, amma zuciyata kamar an ɗora mata dutse. Ina da shekara hamsin da 'yan kai, ban iya komai ba sai fata.

Ana cikin haka, a tsakiyar bazara, wata madam daga wani furoje na Maraɗi, irin ƙungiyoyin nan na taimako, ta zo binciken abin da ke kashe awaki. Ta ga tandaye rataye a zaurena, ta tsaya tana juya su. Ta ce akwai wata ƙungiyar manyan mata a Kano da ke yaƙi da leda da roba a kayan kwalliya, za su yi taro da bajen koli, kuma irina suke nema. Ta ba ni takarda mai hatimi da sunan masauki. Na zauna sati uku ina aiki kamar sabon shiga, na haɗa tandaye saba'in. Dije, wadda take dafa man kaɗanya da niƙa kwalli, ta ce ita za ta cika su, kuma da ita za a tafi, don wai ni ban iya magana da mata ba.

Ranar jajiberen tafiya ta ce min, “Yaya, kai dai tahi ka yi bankwana da mutane, ɗaurin kaya aikin mata na.” Na tafi. Da na dawo na tarar da ƙaton kwali an naɗe shi da igiya tamau, na sa mata albarka.

Da sassafe muka isa Ɗan Issa. Masu canji na zaune da damman naira kamar masu sayar da ganyen rama, masu mai na jere da kwalabe. Dole muka bi ta gaban teburin Sale. Ya gaishe ni da ladabi, sa'an nan ya nuna min wani ɗan benci a gefen bokitai ya ce, “Yaya, ga wurinka nan na sa an gyara, inuwa gare shi har la'asar.” Na ce masa Allah ya saka da alheri, na wuce.

Mota ba ta cika ba sai da rana ta take. Direba ya ɗora kwalinmu a can bisa, ya danne shi da buhunan wake. Mun nuna katin dantite, wato katin shaida, a kan iyaka, aka duba aka ce mu wuce. Daga ƙetarawa na zama ɗan Faranshi, don haka kowa ke kirana, ni da ko gaisuwar Faransanci ban iya ba sai wadda ake yi wa jandarma.

Bayan Jibiya taya ta fashe. Safaya kuma ashe ita ma tana jinya. Direba ya tari wata mota ya tafi faci, ya bar mu a gindin wata aduwa da ba ta da inuwar kirki. Motar kuwa tana tsakiyar rana da kayanta. Da ya dawo muka ci gaba, sai wani wari ya fara shigowa ta taga. Wani Alhaji dillalin shanu da ke kusa da ni ya toshe hanci da bakin rawani ya ce lalle wani ya ɗauko mushe. Ni kuwa da ba a raba ni da magana, na karɓe zancen. Na ce mutanen yanzu ba su da tsoron Allah, mutum ya ɗauko ruɓaɓɓen kaya ya cuci bayin Allah a mota, irin wannan kamata ya yi a sauke shi da kayansa a daji. Kowa ya ce gaskiya ne. Dije kaɗai ta kau da kai tana kallon waje.

A wani shinge kafin Katsina wani mai kaki ya hau zai duba kaya. Ya kai hannu kan igiyar kwalinmu, sai ya ja da baya, ya sauko ya yi wa direba alama ya tafi. Na ce a raina albarkar takardar madam ce.

A tashar Katsina muka sauka don canjin mota. Nan na fara ganin abin mamaki. Na ce a dama min fura, sai mai furar ta dama ta juye a leda ta ƙulle ta miƙo min. Na tsaya ina jiran ƙwarya da ludayi, ta ce, “Baba, cizon gindin za ka yi ka tsotsa.” A gida ko jariri ba a yi wa haka. Na ciza, furar ta yi tsartuwa ta wanke min gaban riga. Ruwan sha ma a leda, goro a leda, har wani na gani ya sayi leda an sa masa ita a cikin leda.

Muka shiga motar Kano, sababbin fasinja, sabon direba. Ba mu yi nisa ba warin nan ya dawo. Dillalin shanu ya tsaya a Katsina, buhunan wake ma haka. Na duba, daga tsohuwar mota ba abin da ya biyo mu sai ni da Dije da kwali. A wannan motar ban yi wa kowa wa'azi ba.

Mun shiga Kano bayan magariba. Masaukin da aka ba mu otal ne mai hawa biyu, da mai gadi a ƙofa. Ina gaishe shi ya dube ni ya ce, “Wanga baki na gida na. Daga ina?” Na ce Madarunfa. Ya rungume ni. Ashe mutumin Gabi ne da ke kusa da mu, sunansa Nomau, ya zo cin rani shekara tara da suka wuce, har yanzu ranin bai ƙare ba. Shi ya ce kada in shiga da kwalin ciki, a buɗe shi a bayan gida kusa da injin wuta.

Na yanke igiya na buɗe. Tandaye saba'in, kowane an sa shi a sabuwar leda baƙa, an ƙulle bakin tam. Rana ta dafa su tun daga Ɗan Issa. Man kaɗanya ya narke ya tsiyaye, fata ta yi gumi ba ta sami inda za ta sha iska ba, ta jiƙe ta saki. Na kwance na farko, ya lanƙwashe a hannuna kamar kunnen akuya. Na biyu ma haka. Fata ba ta son a rufe mata numfashi, wannan ko yaron baduku ya sani.

Na juya wurin Dije. Ban san lokacin da murya ta ɗaga ba. Na ce, “Dije, mi na yi miki? Taron hana leda munka zo, kin kawo musu leda saba'in.”

Ta ce, “Yaya, wa ka taɓa gani ya kai kaya birni tsirara? Ko ƙuli-ƙuli za ka kai ma baƙo sai ka sa mishi leda. So kake a ce mutanen Madarunfa ba su waye ba?”

“To ga wayewa nan tana wari.”

Sai ta fashe da kuka. Ta ce sababbi ta saya, ba wankakku ba, don a ga darajar aikina. Ta ce ita ma ba ta son ganina a kan bencin mijinta. Na zauna a kan dutse na dafe kai, ina ganin sati uku na aiki da sana'ar ubana a ƙasa suna ɗoyi.

Nomau ne ya ce bajen kolin sai jibi, gobe jawabai kawai za a yi. Sai hankalina ya dawo. Akwai tsibin yashi a gefe na masu gini. Muka zazzage man, muka goge kowane tandu da toka, muka ɗura masa busasshen yashi har wuya don ya koma siffarsa. Washegari da hantsi muka jera su a kan rufin kwanon ɗakin gadi. Nomau ya ce shi zai riƙa juya su, ya kuma kori shaho da kyanwa.

Kafin mu shiga taro na ce bari in yi wanka. A banɗakin otal an jera ƙananan robobi huɗu, kowace ba ta fi babban yatsa ba, da sabulu kamar ƙwayar dabino a naɗe cikin takarda mai ƙyalli. Na fito na ɗauki roba ɗaya na shafe ƙafafu da hannuwa, na ce yau kaushi ya ga ta kansa. Ina fara alwala sai kumfa ya taso min har gwiwar hannu. Ashe na wanke gashi ne. Da rana mai shara ta kwashe robobin duka, har waɗanda ban taɓa ba, ta jera sababbi. A gida sabulu ɗaya sai ya zagaye gida har ya zama kamar farce, sa'an nan a manna shi a bayan sabo.

Zauren taron sanyi kamar randa. A ƙofa aka rataya wa kowa sunansa a wuya cikin roba, aka ba shi jakar leda mai hoton itace, a ciki takardu da alƙalami. Kowace kujera da gorar ruwa ta roba. Matan kuwa, Allah ya yi arziki. Turare kala-kala har ya fi ƙarfin hancina, kowace ta buɗe jaka sai ka ji robobi suna karo da juna. Aka yi ta jawabi da Turanci, wani saurayi yana juya mana da Hausa. Aka nuna hoton tumbin saniya cike da leda, mata suka yi ta salati suna kurɓar ruwan gora.

Can wata Baturiya ta tashi, doguwa, da zanen atamfa ta ɗaura shi a karkace. Ta ɗaga asawaki sama, ta ce bincike ya nuna wannan icen yana wanke baki ba sai da buroshin roba ba. Aka tafa. Ta ɗaga soso, aka tafa. Ta ɗaga ƙunshin lalle da curin sabulun salo a ganye, aka tafa har da tsayuwa. Dije ta matso ta raɗa min, “Yaya, ashe Innarmu dokta ce ba mu sani ba, anka bizne ta ba ko satifika.” Na danne dariya har hawaye. Da azahar aka kawo shinkafa a robobi masu murfi da cokulan roba, aka ci, aka tara su a bayan zaure tsibi guda ya kai ƙugu.

Da yamma na hau rufin Nomau. Talatin da ɗaya sun tashi sun yi ƙwari, in ka ƙwanƙwasa sai su amsa. Sauran sun tafi ke nan. Dije ta turara masu ran da turaren wuta, ta sake cika su da ɗan abin da ya rage. Ranar baje koli muka shimfiɗa tabarma muka jera su, ba leda ko ɗaya.

To, ga amsar masu tambaya. An yi layi, amma na kallo. Mace za ta ɗauki tandu da yatsa biyu ta ce, “Kai, irin na kakata,” ta kira ƙawarta ta gani, su yi dariya su ajiye. Baturiyar ta durƙusa kusa da ni aka ɗauke mu hoto, ta sayi ɗaya. Har la'asar shi ke nan abin da ya fita. Na fara lissafin yadda zan riƙa kiran masu sayen bokiti.

Ana shirin tashi sai shugabar ƙungiyar ta iso, Hajiya Binta, mace mai jiki da haƙorin Makka, wadda aka ce tana da kantin kayan kwalliya a unguwar masu kuɗi. Ba ta ɗauka da yatsa biyu ba. Ta buɗe murfi ta rufe, ta buɗe ta rufe, ta shinshina, ta duba ɗinkin. Na gane wannan ta san kaya.

Ta ce, “Baba, hannunka yana da kyau. Ina son hamsin duk wata, babu komai a ciki, ni zan zuba nawa. Za ka iya?”

Na ce, “Ranki shi daɗe, ko ɗari ne.”

Ta yi wa direbanta magana, ya kawo wani ƙunshi daga mota. Ta zaro farar leda mai ƙyalli, wadda ake ganin abin da ke ciki, da wata 'yar takarda mai launin ganye da rubutun Turanci. Ta ce kowane tandu a sa shi a ɗaya, a liƙa takardar a baki. Na tambaye ta me aka rubuta. Ta ce, “An rubuta kayan gargajiya ne, babu roba.”

Na ji jinina ya hau. Na ce, “Hajiya, jiya ke da bakinki kinka ce leda ita ta kashe saniyar nan. Ni don in tsere ma leda na baro gida.”

Ba ta ji haushi ba, dariya ma ta yi. Ta ce, “Baba, taro daban, kasuwa daban. Matan da ke shiga kantina ba sa sayen abin da wani ya taɓa da hannu. In na ajiye shi haka, cewa za su yi kayan ƙauye ne. In yana cikin wannan, sai su ce daga waje aka kawo. Kana so ko ba ka so?”

Na buɗe baki zan faɗi abin da zai raba mu, Dije ta take min ƙafa da dukkan nauyinta. Na dubi sama, gabas ta fara haɗa gajimare, na tuna bencin Sale. Na daɗe ban ji kunyar kaina irin ta wannan lokacin ba. Na ce ina so, amma da sharaɗi ɗaya, zan huda kowace leda da basilla wuri uku don fata ta sha iska. Ta ce in huda ta baya inda ba a gani. Ta kwashe talatin ɗin da suka rage a take.

Haka na baro taron hana leda da damin leda a ka, wanda ya fi wanda na zo da shi. A Ɗan Issa na aika wa Sale cewa ya ba wani bencin.

Ruwan farko ya same ni a zaure ina kankare fata. Ban rataye wuƙa ba, alhamdu lillahi, kuma yanzu haka kashi na biyu nake haɗawa. Shekaranjiya ina zaune ina sa su a leda ina hudawa, sai mai ɗakina Rabi ta leƙo, ta daɗe tana kallo. Ta ce, “Malam, ba ka ba ni guda?” Rabon da ta nemi tandu a hannuna tun kafin a yaye autanmu. Daɗi ya kama ni har na rasa inda zan sa kaina. Na tashi na zaɓo wanda ya fi duka, wanda na kwana biyu a kan zanensa, na goge shi da hannun riga na miƙa mata.

Ta dube shi, ta dubi tarin da ke gefe. Ta ce, “A'a, ba wanga ba. Na Kano nika so.”

Na ba ta na cikin leda. Yana nan a ɗakinta, ta ɗora shi a saman jeren kwanoni inda duk mai shigowa zai gani. Ba ta buɗe ba, wai kada takardar ta yage. Kwallinta kuwa har yau a robar take zubawa.